Martani: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Zancen Shagunan Askirim na Ƙasar Yauri

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi a kwanakin baya game da ƙananan sana'o'in gida, inda ya ɗauki shagon askirim na unguwa ya kafa hujja da shi. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa akwai shagunan askirim da kaka ya buɗe, ɗa ya gada, jika ya karɓa, har gobe suna nan a unguwar da aka fara su. Amma a garuruwanmu, har ya kira sunan Yelwa da Birnin Yauri da Wara, da wuya ka ga irin wannan shago ya shekara 10 a raye. Ya jingina laifin ga abubuwa uku: wai ba mu da juriyar riƙon sana'a, wai rabon gado yana wargaza duk abin da uba ya tara, wai kuma 'ya'yanmu suna jin kunyar sana'ar iyayensu. Ya rufe da shawarar cewa mai ƙaramin jari ya daina wahalar da kansa, a bar harkar kayan sanyi ga manyan kamfanoni.

Ni ɗan wannan ƙasa ne, kuma na san kishi ne ya sa ɗan'uwan ya ɗauki alƙalami. Sai dai ya ɗauko laifin da ke wuyan wasu ya rataya wa talakan da aka cuta, shi ya sa ba zan iya yin shiru ba. Shagunan da ya ce suna mutuwa, gaskiya ne suna mutuwa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Rashin wutar lantarki ne ke kashe su, kuma wannan magana ta fi ciwo a ƙasar Yauri fiye da ko'ina a Najeriya, saboda dalilin da zan zo kansa.

Mu fara da shagunan da ya yi mana gori da su. Suna nan kamar yadda ya faɗa. A birnin Filadelfiya na Amurka akwai Bassetts, wanda ya faro a 1861, kuma har yau zuriyar wanda ya kafa shi ce ke riƙe da shi. A Cincinnati akwai Graeter's tun 1870. A birnin Rum akwai Giolitti, wanda ya soma da sayar da madara a 1890. A kasuwar Hamidiyya ta Dimashƙa akwai Bakdash, inda ake kirɓa askirim irin na Larabawa tun ƙarshen ƙarni na 19. Ba na musun ko ɗaya daga cikinsu. Abin da marubucin bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne: me ya riƙe waɗannan shaguna har suka kai yau?

Sanyin da ba ya yankewa ne ya riƙe su. Tun kafin a san firji, mutanen arewa maso gabashin Amurka suna yanko ƙanƙara daga tafkuna da koguna lokacin hunturunsu, su jibge ta a rumbuna su lulluɓe da dusar katako, ta kai su har lokacin zafi. Abin ya zama babban fatauci, har wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya yi lodin ƙanƙara a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinik a 1806, ya kuma kai ta har Kalkata ta Indiya a 1833. Ƙasar Sham da Italiya kuwa suna da duwatsun da ƙanƙara ke rufe kansu kowace shekara, kuma an daɗe ana saukowa da ita cikin birane ana sanyaya abin sha. Da injin sanyi ya zo, wanda Bajamushe Carl von Linde ya inganta a shekarun 1870, lantarki kuma ya game birane, sai shagunan suka tashi daga sanyin da Allah ya saukar musu suka koma sanyin inji, babu tazara a tsakani. Mu a nan Allah bai yi ƙasarmu ƙasar ƙanƙara ba. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi a Yelwa kan taɓa 40. Duk sanyin da za mu samu dole ya biyo ta waya ko ya fito daga tankin janareta.

Askirim kuwa haja ce marar haƙuri. Ana son ya zauna a sanyin da ya kai 18 ƙasa da sifili, dare da rana. In wuta ta ɗauke, firiza mai kyau da ba a buɗe shi zai iya riƙe kaya kwana ɗaya ko biyu, amma na shago da ake buɗewa duk bayan minti biyar ba ya kai haka. Da zarar askirim ya narke, iskar da aka buga a cikinsa ta fice, in ya sake daskarewa sai ya koma tsakuwar ƙanƙara, ɗanɗanonsa ya tafi. Mafi muni, madarar da ta ɗumama ta zama gidan ƙwayoyin cuta, sake daskarar da ita ba ya kashe su. Mai shagon da ke tsoron Allah zubar da kayan yake yi. Mai sayar da atamfa in kasuwa ta tsaya wata uku, atamfarsa tana nan. Mai askirim in wuta ta tsaya kwana uku, jarinsa ne ke malala ta ƙarƙashin ƙofa. Duk wanda zai yi hukunci a kan juriyar mutum, ya fara sanin irin hajar da mutumin ke riƙe da ita.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa na ce maganar ta fi ciwo a wurinmu. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, ya taso tun daga Kainji har ya iso Yelwa. Mutum sama da 40,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohuwar Busa ta nutse. Gungawa, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru a tsibiran kogin Kwara suna noman rani na albasa da kamun kifi, suka bar gungunansu da gonakinsu da kaburburan iyayensu, aka mayar da su ƙauyukan da hukuma ta gina musu a tudu. Kambari da Lopawa da Shangawa da Hausawan bakin ruwa kowa ya ba da nasa kason. An yi musu haka ne domin Najeriya ta samu wuta, kuma ta samu: injinan da aka kafa a Kainji ƙarfinsu ya kai megawat 760.

Ina wutar ta tafi? Ta bi manyan turaku zuwa Jebba da kudu, ta bi wani layin da ya ratsa kudancin jihar Kebbi ya nufi Birnin Kebbi, daga nan ta tsallaka iyaka zuwa Yamai. Shekara da shekaru Jamhuriyar Nijar tana samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, abin da duniya ta ƙara sani sa'ad da aka yanke mata layi a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. Ba na ƙyashin 'yan'uwanmu na Nijar, yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe masu raba kogi ɗaya. Amma a bakin wannan tafki akwai ƙauyukan da jikokin waɗanda aka tasa suke kwana da fitilar batir, kuma a cikin garuruwan da aka ja wa waya, kowa ya san yadda ake yini ana jiran a kawo wuta. Sunan hukumar wutar lantarki ya sauya sau da yawa. A 1972 aka kafa NEPA, a 2005 ta koma PHCN, a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Abin da mai firiza a unguwa ke gani bai sauya ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wanda zai rubuta tarihin shagon askirim a ƙasar Yauri ya tsallake wannan babi, bai rubuta komai ba.

Tunda tarihin shago ake magana, bari in shimfiɗa yadda irin wannan shago ke tashi da yadda yake faɗuwa a wurinmu, domin duk wanda ya zauna a Yelwa ko Birnin Yauri ko Shanga ya ga irinsa. Yawanci magidanci ne, malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, zai karɓi kuɗin sallama ko ya kwashi adashi ya sayi firiza. A fasa ƙofa a jikin zaure, a kafa teburi, shago ya samu. Uwargida ce ke riƙe da ainihin aikin. Ita ke dafa zoɓo da citta da kanumfari, ta jiƙa aya ta kai markaɗe, ta dama madarar gari da sukari da ɗan kala ta ɗura a leda, abin da yaran unguwa ke kira askirim ke nan. A gefe guda ana ƙulla ruwa a manyan ledoji don ƙanƙara. In jari ya ɗan motsa, a karɓo askirim na kamfani da yogot daga hannun dila. Yara in sun taso daga makaranta, ɗaya ya tsare shago, ɗaya ya ɗauki kula zuwa bakin tasha ko ƙofar makaranta ko bakin ruwa ranar kasuwa.

Cinikin na lokaci ne. Bazara ita ce kakar mai kayan sanyi, musamman in azumi ya faɗo a cikinta kamar yadda ya yi a 'yan shekarun nan, inda da la'asar sakaliya za ka ga layi ana neman ƙanƙarar shan ruwa. Da damina ciniki ya ragu, da hunturu ya kwanta. Ribar wata uku ko huɗu ce za ta ɗauki shago shekara guda. To a daidai wannan lokaci na zafi ne ruwan madatsu ke ja baya, buƙatar wuta ke ƙaruwa, taransifoma ke ƙonewa, unguwa ta shiga karo-karo ana jiran gyara mako bayan mako. Mai shago ba ya naɗe hannu. Zai sayi janareta, ya riƙa kunna ta 'yan sa'o'i da dare don kaya su kama. Kullum wuta ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima ko ta zo rabi-rabi, injin firiza na cikin haɗari, in ya ƙone sai an kira mai gyara. Haka ake lallaɓawa har ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Farashin madarar gari da sukari ya bi dala ya tashi. Yaron da ke zuwa da naira 50 a hannu kuwa ba a ƙara masa komai ba. Daga nan sai ka ga an kashe firiza, an mayar da shi ma'ajin tufafi, shagon ya koma na cajin waya ko na kayan masarufi.

Ina rashin juriya a cikin wannan labari? Mutumin da ya yi shekaru yana sayen sanyi da fetur kwalba-kwalba, yana tashi tsakar dare ya duba ko an kawo wuta, matarsa tana tsaye a kan tukunyar zoɓo cikin zafin bazara, ya nuna juriyar da mai shago a Filadelfiya bai taɓa buƙatar nunawa ba. Rufe shagon da ya yi lissafi ne na mai hankali, wanda ya ga kullum kuɗin mai ya fi ciniki.

Babbar hujjata kuwa tana zaune a kowace kasuwa ta ƙasar nan, ƙwarya a gabanta, faifai a kai. Da rashin juriya halinmu ne, da an gan shi a sana'ar fura da nono, wadda ita ce askirim ɗinmu na asali: madara, hatsi, zaƙi da sanyin da ke kashe ƙishirwar rana. Bafulatanar da ke tallan nono a kasuwar Yelwa daga mahaifiyarta ta koyi tatsa da tafasa madara da kwantar da kindirmo da kaɗa man shanu, ita ma mahaifiyar daga tata uwar ta koya. Matar aure mai fura a cikin gida, wadda unguwa ta san gidanta da sunan gidan mai fura, daga hannun uwa ko uwar miji ta karɓi sanin yadda ake surfa gero, a jiƙa, a daka shi da citta da masoro da kanumfari, a cura, a dafa, a kirɓa a turmi tun da zafinsa, a sake curawa a barbaɗe da gari. Kowane gida da hannunsa, kuma mashaya suna bambance furar gidan wance da ta gidan wance tun daga kurɓin farko. Da kuɗin wannan sana'a aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki, aka biya kuɗin makaranta, aka riƙe marayu. Wataƙila akwai gidajen da suka fi Giolitti daɗewa a kan sana'arsu, sai dai ba su da allon suna a ƙofa, ba su da rajista, ba wanda ya rubuta ranar da aka fara. Marubucin ya nemi gadon sana'a a wurin maza masu shago, alhali a wannan fanni mata ne ke miƙa wa juna shi a tsakar gida.

Me ya sa fura da nono ta yi ƙarko, askirim bai yi ba? Mutanen ɗaya ne, ƙasar ɗaya ce, addinin ɗaya ne, dokar gadon ɗaya ce. Bambancin kawai shi ne kakanninmu sun gina wannan sana'a a kan abin da ba ya jiran waya. Tsamin nono shi ke kare shi daga lalacewa, fura kuwa dafaffiya ce, ƙwarya da randa suna ba da nasu sanyin. Haka Sarkawa suka yi da kifi, suna banda shi ya kai kasuwannin nesa bai ruɓe ba, kuma su ma su gado ne a wurinsu, ɗa ya bi uba cikin jirgi tun yana ƙarami. Haka Gungawa suka ci gaba da albasarsu bayan ruwa ya ci gungunansu, har yau Yauri na cikin manyan wuraren da ake lodin albasa zuwa kudu. Duk sana'ar da ƙarkonta ke hannunmu ta yi ƙarko. Wadda ƙarkonta ke hannun masu wuta ita ce ke mutuwa.

Sai batun gado, wanda a nan ne na fi jin ɗan'uwan ya yi gaggawa. Rabon gado hukuncin Allah ne, kuma bai taɓa hana Bahaushe gadar da kasuwanci ba. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, aka raba dukiyarsa bisa shari'a, amma 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba da kasuwanci, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Kafin su, fataken goro da ke bin hanyar Gwanja, waɗanda ayarinsu ke ratsa ƙasar Yauri su tsallaka Kwara, gida-gida suke gadon fatauci. Shari'a ta fayyace rabon kowa, ta ba matar mamaci tumuninta, ta ba ɗa da 'ya nasu, amma ba ta ce lallai a sayar da shago a raba kuɗin ba. Magada suna da damar su bar shi a haɗe, kowa ya san kasonsa, ɗaya ya riƙa juyawa ana raba riba, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin irin wannan tarayya filla-filla. Abin da ke faruwa shi ne, magada suna barin abin da ke kawo riba a haɗe, suna sayar da abin da ke cin kuɗi. Gonar fadama da jirgin ruwa da injin niƙa sukan tsira. Shagon da ya rage masa tsohon firiza da mataccen janareta da bashin dila, me za a bari a haɗe? Ya riga ya mutu kafin mai shi.

Haka ma zancen kunyar 'ya'ya. Yaron da ya tashi yana ganin babansa na zubar da narkakken kaya a kwata, yana jin ana lissafin asara kowace bazara, in ya girma ya zaɓi acaba ko ya tafi ci-rani, darasin da idonsa ya gani ya bi. Kada kuma a manta da halin tsaro. Harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, inda aka kwashe ɗalibai da malamai, ya girgiza ƙasar nan gaba ɗaya. In makaranta ta rufe, ko ƙauyawa suka ji tsoron hanyar kasuwa, masu ƙananan sana'o'in da ke ci daga ƙofar makaranta da ranar kasuwa su ne farkon shiga uku. Ba a rubuta tarihin wata sana'a a ƙananan hukumomin Ngaski da Shanga a waɗannan shekaru a ce ba a ga wannan ba.

Akwai inda marubucin ya yi gaskiya, kuma adalci ne a faɗa. Da yawan masu shagunanmu ba sa rubuta shiga da fita, suna haɗa aljihun shago da na cefane, suna ba da bashin kunya ga dangi da maƙwabta har jari ya karye. Akwai kuma masu sakaci da tsabtar ruwan da suke ƙulla ƙanƙara da shi, ko su sake daskarar da abin da ya narke su sayar wa yara, wanda cin amana ne. Waɗannan gyara ne da ke wuyanmu. Sai dai mai kantin da ba ya rubuta lissafi yakan shekara 30 yana lallaɓawa, mai askirim kuwa ko da akawu ya ɗauka, in babu wuta kwana uku kayansa sun tafi. A bambance ciwon da ke raunana mutum da wanda ke kashe shi.

Shawarar a bar wa manyan kamfanoni kuwa, ita ce ta fi komai rauni a rubutun. Fan Milk, wanda masu kekensa suka koya wa 'yan Najeriya da dama shan askirim, wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Denmak mai suna Erik Emborg ne ya kafa shi a farkon shekarun 1960, masana'antarsa a Ibadan. Daga baya kamfanin Danone na Faransa ya sayi wani kaso a 2013, ya mallake shi gaba ɗaya a 2019. To ta yaya kayan irin wannan kamfani ke isa hannun yaro a Wara? Mota mai sanyi ta sauke wa dila, dila ya zuba a firiza, mai keke ko mai kula ya ɗauka. Firizan dilan nan a unguwarmu yake, wutarmu yake jira. Babban kamfani ma bai tsallake matsalar ba, ƙaramin mutum yake ɗora wa ita. In kuma mai zoɓo da mai kunun aya da mai yogot na gida suka janye, kuɗin da ke juyawa tsakanin manomin zoɓo da mai aya da Bafulatana da matar gida zai riƙa fita daga ƙasar Yauri ya tafi inda ba zai dawo ba. Ƙasar da ke da shanu da gero da kogi ba ta da dalilin jiran a kawo mata abin sanyaya maƙogwaro daga Ibadan.

Mafita tana nan, kuma wasu 'yan ƙasar nan sun nuna hanya. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A 2015 Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa ColdHubs, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana da ake kafawa a kasuwanni, mai kaya ya biya kuɗin ajiya na kwana. Firiza mai aiki da sola yanzu ba baƙon abu ba ne a kasuwannin Kano da Sakkwato, tsadarsa ce ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari a lokaci guda. Ranar da ke narkar da askirim ita ce za ta iya daskarar da shi, in an samu wanda zai ba da kayan bashi a riƙa biya da kaɗan-kaɗan.

A nan ne ya kamata alƙalamin ɗan'uwana ya dosa. Akwai hukumar HYPPADEC, wadda aka yi dokarta a 2010 musamman don al'ummomin da madatsun wuta suka shafa, kuma Kebbi na cikin jihohinta. Akwai dokar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Akwai hukumar kai wuta karkara da ke kafa ƙananan tashoshin sola a ƙauyuka. Muna da 'yan majalisa, muna da shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, muna da masarauta mai faɗa a ji ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Ɗakin sanyi guda a kasuwar kifi ta Yelwa zai amfani masunci da mai nono da mai ƙanƙara a lokaci ɗaya. Rancen firizan sola ga ƙungiyoyin mata masu zoɓo da fura zai raya gidaje fiye da rabon tallafin da ke ƙarewa a mako guda. Ɗalibanmu na tarihi a jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi kuma su shiga gidajen masu fura da rugagen Fulani da unguwannin Sarkawa, su tambayi tsofaffi daga wa suka gaji sana'a, su rubuta, domin nan gaba kada wani ya sake cewa ba mu da tarihin sana'ar gida don kawai bai gan shi a takarda ba.

Ɗan'uwa marubuci, ina roƙonka ka sake ɗaukar alƙalami, amma wannan karo ka bar magidancin da ya kashe firizansa ya huta, ya sha isasshiyar wahala. Ka tambayi masu iko dalilin da ya sa mutanen da suka ba da ƙasarsu aka yi Kainji tun 1968 har yau suke sayen sanyi da fetur. A ba ƙasar Yauri wutar da ba ta yankewa na shekara 20, sannan ka dawo ka ƙirga shagunan da suka rayu. Kafin nan, hukuncin da ka yanke mana bai tabbata ba.